Ranar da Aka Auna wa Kyaftin Sanda

Kyaftin ya shafe shekaru yana tuƙa jirgin sama kafin ya ajiye aiki, sunan kuma ya biyo shi har gida. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu a garuruwa, sai Auta kaɗai da ke aure a unguwa ɗaya da shi. Abu biyu ne suka rage masa na cika yini, wato wasan golf da safe da ɗauko jikarsa, 'yar Auta, daga makaranta da rana.

A golf ɗin ƙarfin dukansa ya ragu, bai kuwa damu ba. Abin da yake taƙama da shi ƙarshen wasa ne, lokacin da ƙwallo ta riga ta iso lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, sai a ɗauki gajeriyar sandar da 'yan wasa ke kira fota a tura ta a hankali ta gangara ciki. A nan abokansa suka san shi. Sai ga shi a 'yan watannin nan ƙwallonsa ta sauya hali. Ta taho kamar za ta faɗa, sai ta goge bakin ramin ta hagu ta wuce. Da farko ya ce an canza mai yankan ciyawa. Daga baya ya ce fotar ce ta tsufa, ya sayi sabuwa, ita ma ta bi hagu. Ya ari ta abokinsa Lauya, bai ga wani bambanci ba.

Auta ta gaji da jin labarin a kan tebur. Ta yi tambaya, aka gaya mata akwai wani mutum a kasuwar kayan wasanni da ke auna ɗan wasa, ya haɗa masa sanda daidai jikinsa da tsayuwarsa. Saboda haka ne 'yan golf suke kiransa Tela. Ta kama wa mahaifinta lokaci, amma ranar ta zo daidai da aikinta, sai ta ce wa mijinta ya raka shi.

Mijin injiniyan ruwa ne, bai san komai a golf ba. Tsakaninsa da surukinsa kuma gaisuwa ce da sunkuyar da kai, sai ɗan zancen zafi ko ruwan sama. Ya so ya zame, ta ce, "Zama kawai za ka yi. In ka bar shi shi kaɗai, zai yi musu da mutumin ya dawo."

A motar Kyaftin suka tafi, shi ke tuƙi. Da Injiniya ya zagaya zai shiga, ya lura da wani dogon karce a gefen dama na motar, madubin gefen kuma an ɗaure shi da salatif. A hanya rediyo ne ya yi musu hira.

Shagon Tela ɗaki ne mai tsawo a bayan wani kantin takalma. An shimfiɗa koren kafet daga ƙofa har bango, da rami a ƙarshensa. Jikin bango cike yake da kawunan sanduna, wasu sirara kamar wuƙa, wasu faffaɗa kamar rabin faranti. A kusurwa akwai tebur mai maƙalar ƙarfe da zarto da kwalin robobin mariƙi, ga kyamara a kan ƙafafu uku tana kallon kafet. Tela kansa dogo ne mai furfura a gemu, tsohon ɗan wasa da ciwon baya ya zaunar.

Ya ba Injiniya kujera, ya karɓi fotar Kyaftin ya jujjuya ta.

"Me ta yi maka, ranka ya daɗe?"

"Hagu take kai ni. Ita da 'yar'uwarta, har da wadda na ara."

"To, in uku suka haɗu a kan magana ɗaya, sai mu saurare su," in ji Tela. "Buga min yadda ka saba. Kada ka gyara komai don ina kallo."

Kyaftin ya tsaya, ya sunkuya, ya tura ƙwallo. Ta wuce ta hagu. Ya sake, ya kuma sakewa. Tela yana tsugune a bayansa, can ya koma gefe, can ya duba allon kyamara. Ya ce hannun lafiya lau, ba rawa, sandar tana tafiya tana dawowa a kan layi ɗaya. Kyaftin ya waiwayi surukinsa kamar mai neman shaida, Injiniya ya gyaɗa kai duk da bai san abin da ya gani ba.

Tela ya auna daga wuyan hannun Kyaftin zuwa ƙasa, ya ce sandar ta ɗan yi masa tsawo, shi ya sa bakinta ke ɗagewa daga kafet. Amma wannan kaɗai ba zai kai ƙwallo hagu haka ba. Ya manna wani ɗan madubi a fuskar fotar, ya kunna siririn jan haske daga wajen ramin.

"Saita ta sosai a kan ramin. In ka gamsu ka ce min."

Kyaftin ya daɗe yana gyarawa. "Na gamsu."

Hasken ya bugi madubin ya koma kan bango. Ɗigon ja ya sauka a hagun ramin, tazarar ta fi tafin hannu.

"Na'urarka ta karkace," in ji Kyaftin.

"Tana iya yi. Bari mu gwada ta da wanda bai taɓa riƙe sanda ba."

Aka miƙa wa Injiniya. Ya riƙe ta kamar mai riƙe tsintsiya, ya saita yadda ya ga dama, ɗigon ya sauka dab da bakin ramin. Ya yi saurin mayar da sandar ya koma kujerarsa.

Tela ya ce kowane mutum yana da idon da yake saiti da shi, ko ya sani ko bai sani ba, kuma sai ya san wanne ne kafin ya zaɓi kan sanda. Ya sa Kyaftin ya miƙe hannuwansa, ya haɗa tafukan ya bar 'yar kafa a tsakani, ya hango ramin ta cikinta.

"Rufe idon dama."

"Ga shi nan."

"Buɗe. Yanzu rufe na hagu."

Kyaftin ya rufe. Ya sauke hannuwan, ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya rufe idon hagu da tafinsa, ya kalli ƙarshen ɗakin kai tsaye.

"Ina ganin bango," ya ce. "Ina ganin kafet ta gefe da gefe. Tsakiyar ce babu, kamar an shafa toka."

Ya juya ya kalli surukinsa da idon nan ɗaya. "Kai ma ina ganin kafaɗunka, ban ga fuskarka ba."

Injiniya ya miƙe tsaye, ya rasa abin yi, ya sake zama.

"Ka san da shi?" Tela ya tambaya.

"Na san yana ɗan yin hazo da safe. Ban taɓa rufe ɗayan na duba ba. Da can ana duba min su a wajen aiki ko ina so ko ba na so. Tun da na bari ban koma ba."

Tela ya kashe jan hasken. Ya ce shi ba likita ba ne, bai san mene ne ba, amma da shi ne ba zai bar makon ya ƙare bai je asibitin ido ba. Ya ƙara da cewa ana iya dakatar da awon, don in aka gyara idon saitin zai iya sauyawa, aikin ya tashi a banza.

"Ka haɗa min ta idon da nake da shi yau," in ji Kyaftin. "In ya dawo na dawo."

Suka ci gaba. Tela ya sauko da kawuna iri-iri yana ɗaura su a jikin sanda ɗaya. Siraran duk suka nuna hagu. Wani faffaɗa mai farin layi dogo a bayansa ya rage tazarar. Ya matsar da ƙwallon gaba kaɗan ta koma ƙarƙashin idon hagu, ɗigon ya ƙara matsowa. Ya ba shi gajeriyar sanda, ya sa wuyanta a maƙala ya lanƙwasa kaɗan har gindin kan ya kwanta daidai a kafet. Ya gwada masa mariƙi mai kauri, Kyaftin ya ce kamar ya riƙe taɓarya, aka koma matsakaici. Ya ƙara nauyi a kan, ya rage, yana tambaya, "Wannan ko waccan?" Kyaftin yana amsawa a taƙaice, ba musu. A ƙarshe ƙwallaye suka fara faɗawa, ba duka ba, amma waɗanda suka kuskure ba gefe ɗaya suka bi ba. Tela ya ce za a haɗa ta asali, zai kira in ta kammala.

A waje rana ta take. Kyaftin ya nufi ƙofar direba da makulli a hannu. Injiniya ya tsaya a gefen da ke da karcen, bai buɗe ƙofa ba. Tunda ya auri Auta bai taɓa ce wa mutumin nan yi ko bari ba.

"Baba, a bar ni in tuƙa."

Kyaftin ya dube shi ta saman motar. "Ni na kawo mu."

"Haka ne, Baba."

Injiniya bai shiga ba. Wata mota ta zo tana neman wurin tsayawa, ta jira, ta gaji ta wuce. Kyaftin ya ajiye makullin a kan rufin motar ya zagayo.

Da suka yi nisa Kyaftin ya ce, "Ba sai ka gaya wa Auta ba. Zan je asibitin da kaina."

"Gobe akwai makaranta, Baba."

"Na sani."

"Yarinyar a gaba take zama."

Kyaftin ya kalli taga. Da suka iso mararrabar da ke raba hanyar gidansa da ta gidan Auta, ya nuna da hannu. "Bi nan. Ni zan faɗa mata, ba kai ba."

Sun tarar ta dawo daga aiki tana guga a falo. Ta tambaya ko an samo sandar da ba ta san hagu ba. Ya zauna, ya faɗa mata a jimla biyu. Ta cire wayar abin gugar daga bango, ta naɗe ta a hankali, ta ce, "Baba, rufe na hagun in gani." Ya rufe. Ta ɗaga yatsu a gabansa, ya ce bai ga komai ba sai gwiwar hannunta. Ta shiga ɗaki, suka ji tana waya. Da ta fito ta ce an ba su safiyar jibi, ta wuce kicin ta daɗe a can ruwa yana zuba a famfo.

A asibiti aka ɗiga masa magani, aka ɗauki hoton cikin idon. Likitar ta ce jijiyoyi ne a can baya suke tsattsafo da ruwa a daidai wurin da mutum ke gani da shi tsaf. Na dama ya daɗe, abin da za a iya shi ne a tsayar da shi inda yake. Na hagun ma ya fara, amma an zo da wuri. Maganin allura ce a cikin idon, lokaci zuwa lokaci. Kyaftin ya tambaya ko zai iya tuƙi. Ta ce a yanzu dai a'a. Ya tambaya ko zai iya golf, ta ce wannan tsakaninsa ne da abokan wasansa.

Motar ta koma gidan Auta. Ɗauko jika bai tsaya ba, sai dai ya koma zuwa a tasi, ya jira ta a bakin ƙofar makaranta su dawo tare a kujerar baya, tana karanta masa allunan kan hanya. Ranakun wasa Lauya ke biyowa ya ɗauke shi, in bai samu dama ba Injiniya ya kai shi kafin ya wuce aiki. Hirarsu a mota ta ɗan ƙaru. Kyaftin ya gano surukinsa ya san dalilin da ya sa ruwa ke kwanciya a wani sashe na filin, ya riƙa kai maganar gaban shugabannin kulob ɗin golf da sunan Injiniya.

Da Tela ya kira, Injiniya ne ya je ya karɓo fotar a cikin dogon kwali. Washegari Kyaftin ya fita da ita. A ramin farko ƙwallon ta tsaya kafin ta kai, a na biyu ta zarce, don bai saba da nauyin ba. Daga nan ya fara samun hannunta. Nesa ta zame masa wahala, sai Lauya ya tsaya a bayan ramin ya riƙe tutar da ke nuna ramin don ya ga inda yake. Na kusa kuwa ya koma jefa su kamar da.

Lauya ya karɓi sandar ya gwada, ƙwallonsa ta bi dama ta yi nisa.

"Wannan ai ba ta da kirki," ya ce.

"Ba taka ba ce," in ji Kyaftin. Ya karɓe ta ya goge kan da tawul, ya zura a jaka. "Ka je a auna ka. Ka fara biyawa ta asibiti, tun bara nake ganin kana matse ido in za ka karanta saƙo."

Lauya ya ce idonsa garau yake. Suka ja jakunkunansu zuwa rami na gaba, Kyaftin yana tafiya ta daman Lauya don ya riƙa ganinsa da na hagu.