Ƙunar Salansa

A shekarar da soja suka sauka farar hula suka karɓi mulki marigayi Ɗan Azumi ya sayi babur ɗinsa. Sana'arsa sayen fata a mayankar Oko-Oba, ya sayar wa mata masu dafa ganda. Saboda haka kowa ya ɗauka irin na 'yan okada zai saya, mai kariya a baya inda zai riƙa ɗaura kaya. Sai ga shi ya shigo Agege da wani abu daban. Kujerarsa ƙasa-ƙasa, hannuwan sun lanƙwaso baya kamar ƙahon sa, tankin ja ne mai ƙiba, salansa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, sai walƙiya suke. A can baya kuma akwai 'yar majingina mai taushi. In yana tsaye ka rantse na masu rakiyar manya ne. In aka tayar da shi sai ka ji ashe ƙaramin inji ne, ɗan China mai araha.

Abdulganiyu makanike, haifaffen unguwar, wanda Yarabanci ya fi zama a bakinsa, ya zagaya shi yana dariya.

Ya ce, "Oga mi, wannan ai jikin bijimi ne da muryar ɗan akuya. Ina za ka ɗaura fata?"

Ɗan Azumi ya ce, "Fata tana da masu ɗaukarta."

"To okada fa? Fasinja ɗaya mai ƙiba ya hau, sai ku tsaya ku yi ta kallon juna."

"Kai dai duba mini mai, ka bar surutu."

Matarsa Furera ce kaɗai ta san dalili. Ya gaya mata a ɗaki, yana wanke hannu da toka saboda ƙarnin fata. Ya ce tun da ya kawo ta daga Gumel ba ta san komai a Legas ba sai kasuwa da bakin famfo, ko teku ba ta taɓa gani ba. Majinginar nan tata ce, don kada ta ji tsoron faɗuwa.

Furera ta ji daɗi har cikin ranta, amma ta ce, "A gaban Inno zan hau?"

Inno ita ce mahaifiyarsa. Gidan haya suke, irin mai ɗakuna suna kallon juna da dogon lungu a tsakiya, ƙofar fita ɗaya ce tak. A bakin ƙofar nan Inno take shimfiɗa tabarma tun safe, da farantin gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gabanta. Furera ba ta taɓa cin abinci a gabanta ba, ba ta taɓa faɗin sunan mijinta a kunnenta ba. Ita ma Inno ba ta faɗin sunan nasa, don shi ne ɗanta na fari, sai dai ta ce "wannan yaron". To ta yaya Furera za ta ɗane bayan mijinta, kafaɗa na gugar kafaɗa, tsohuwa na kallo? Tana ganin ranar da Inno ta san haka, ba za ta ƙara iya ɗaga ido a gidan ba, hawan ma ya ƙare ke nan.

Sai suka samo dabara. Ran Lahadi, lokacin da hanya ta yi sauƙi, Furera za ta yafa gyale ta ɗauki 'yar jaka, ta durƙusa ta ce, "Inno, zan je dubiya." Inno ta ce, "A dawo lafiya." Sai ta taka da ƙafa, ta wuce masu goro, ta wuce masallaci, ta tsallake layin dogo. Can bayan wani shagon katako za ta tarar da shi zaune a kan babur, ya juya hula, yana goge madubi kamar bai san da ita ba.

Yakan ce, "Hajiya, ina zuwa? Ni fa ba okada ba ne."

Ita kuma ta ce, "To bari in nemi motar danfo."

"Hau mana, kada a ce na bar baƙuwa a rana."

Zaman gefe take yi, ƙafafu biyu a hagu, ta tattara zani ta danne gyale da haɓa. Matan Yarabawa sukan raba ƙafa su zauna daram, ita kam ba ta taɓa gwadawa ba. Babur ɗin ba ya gudu. Danfo su wuce su, okada su wuce su suna yi masa ba'a, shi ko a jikinsa. Ya miƙe ƙafafu gaba, ya jingina baya kaɗan, har takan ji ɗumin bayansa a hannunta. In sun zo hawan gada injin ya riƙa kuka, sai ya ce, "Yi masa addu'a, ke ce kika ƙara nauyi." Ya kai ta Ilupeju ta ga kamfanoni a rufe, titi fayau babu kowa. Ya kai ta Iddo ya nuna mata inda ya fara sauka daga jirgin ƙasa da buhu ɗaya a ka. Ranar da ya kai ta bakin teku ta ƙi matsawa kusa, ta tsaya nesa riƙe da takalmi tana cewa wannan ruwa ba shi da hankali. Ya saya mata gasasshiyar masara da kwakwa. In za su koma gida, a bayan shagon katakon nan yake sauke ta, ta karkaɗe zani ta riga shi shiga.

Haka suka yi ta yi har damina ta zagayo. Inno takan ce, "Furera, dangin nan naku ba sa gajiya da ciwo?" Furera ta sunkuyar da kai ta ce sai a hankali.

Wata Lahadi suna dawowa suka faɗa cikin gosulo kusa da gida. Furera ta ɗaga ido, sai ga Kalsum mai koko a tagar danfo dab da su. Ɗakin Kalsum yana kallon na Inno, kuma ba ta kwana da magana a ciki. Furera ba ta tsaya tunani ba, ta zame ta diro don ta ɓuya bayan wata mota. Ƙwaurinta ya manne da salansa, wadda tun daga bakin teku take cin wuta. Ba ta yi ƙara ba. Ta cije gyale, ta bi ta cikin motoci ta tafi gida da ƙafa.

Ɗan Azumi ya ga ƙunar ya ce a je kemis. Ta ce a'a. Duk Agege babu wanda bai san tabon salansa ba, mai kemis ma ɗan unguwa ne. Ta shafa man kaɗanya, ta naɗe da tsumma, ta saki zani har ƙasa. Kullum a haka take zuwa famfo, ruwan kwata yana fantsama mata. Kafin mako ya zagayo wurin ya kumbura, ya fara ruwa, zazzaɓi ya kama ta. In za ta wuce gaban Inno sai ta daure ta taka daidai, in ta shiga lungu ta dafa bango.

Ɗan Azumi ya yi lallashi, ya yi faɗa. Ya ce, "Ƙafar za ki bari ta ruɓe saboda kunya?"

Ta ce, "Gobe zan taka zuwa layin dogo, ka ɗauke ni a can."

Washegari ta shirya, ta fito, ta durƙusa gaban Inno kamar kullum. Tashi ne ya gagara. Ta yunƙura, ƙafar ta ƙi, ta koma ta zauna a gefen tabarma.

Inno ta ture farantin gyaɗa ta ce, "Ɗaga zanin."

"Ba komai, Inno. Murhu ne."

"Ɗaga in ga murhun."

Furera ta ɗaga, ta kwance tsumman, ta kawar da kai. Inno ta daɗe tana duba wurin. Sannan ta ce, "Lalle murhun nan naku mai tafiya ne. Ni da nake zaune a nan, kina tsammani ban san ƙararsa ba? Ke ki fita, can an jima shi ya fita. Ke ki shigo, shi ya shigo. Gyalenki duk warin fetur. Na yi shiru ne don na ga kin fi son haka." Ta leƙa cikin lungu ta ɗaga murya. "A gaya wa wannan yaron ya turo abin nasa nan bakin ƙofa."

Ya turo shi, kansa a ƙasa, shi ma kunyar ta kama shi. Matan gida suka firfito, Kalsum har da ludayi a hannu. Inno da kanta ta kama Furera ta ɗora ta, ta gyara mata zani, ta ɗaga ƙafar mai ciwo ta ɗora a mataki nesa da ƙarfen.

Ta ce, "Riƙe shi da kyau, ba wanda zai cinye ki. Kai kuma asibiti za ka kai ta, ba wajen mai kemis ba."

Furera ta ja gyale ta rufe fuska gaba ɗaya. Ba ta ga unguwar ba ranar, sai dai ta ji Abdulganiyu daga shagonsa yana cewa yau bijimi ya samu kaya.

Ƙafar ta warke, ta bar tabo. Daga ranar a bakin ƙofa take hawa, har ta saba, har wani lokaci Inno ta ba ta saƙon taba gari. Sun ƙara shekara biyu a haka. Ciwon ciki ne na 'yan kwanaki ya ɗauke Ɗan Azumi, ana tsakiyar damina, a shekarar dubu biyu da biyu. Allah ya jiƙansa. 'Yan'uwansa suka ba Abdulganiyu babur ɗin ya nemo mai saye. Da ya zo ɗauka bai tayar da shi a gidan ba, turawa ya yi har ya sha kwana.

Furera ta shiga takaba a ɗakin Inno. Ba su cika magana ba. Wata rana da hantsi suna ɓare gyaɗa, tsohuwa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni bai taɓa ɗaukata ba. Sau da yawa ya ce in hau, na ce Allah ya kiyaye." Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Ina da ina yake kai ki?"

Furera ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Ta gyara zama, ta matso kusa saboda kunnen Inno ya fara nauyi, ta fara ba ta labari tun daga ranar farko.