Zanen Bu Sumirah a Kan Na'ura

Tun da Wulan ta gama ɗaura na'urar nan a ɗakin sanyin ƙungiyar masu jatanlande, uwarta Bu Sumirah ta daina taka ƙasa. Ko barkono ta tsaya saye sai mai kayan miya ya ji: 'yarta ce ta haɗa abin daidaita wuta. Wutar gari ta yi ƙasa ya ɗago ta, ta yi sama ya danne ta, injin sanyi ya huta da ƙonewa.

Magana ɗaya ta rage. Pak Darmo, shugaban ƙungiya, ya ce sai na'urar ta wuce ranar walimar ƙaddamar da ita lafiya zai damƙa wa Wulan kula da ita. In ta yi tari, ga ɗan ƙanwarsa nan yana jira.

Ranar walima Wulan ta tafi ɗauko liman a babur. Mata suka jera tulin shinkafa rawaya mai tsini, da kaza, da soyayyen tempe, wato wainar waken soya. Bu Sumirah ta leƙa ta ga akwatin ƙarfen na'urar tsaye tsirara. Ita kuwa a gidanta talabijin na da mayafi, firij na da nasa, har keken ɗinki. A ce abin da 'yarta ta haɗa ya karɓi baƙi haka?

Ta ɗauko zanen batik ɗinta na zuwa biki, ta lulluɓe shi tsaf, ta cusa gefen cikin 'yan tsagogin jikinsa saboda ƙura. Maƙwabciyarta Yu Painem ta rataya masa furen yasmin.

"Kamar amarya," in ji Yu Painem.

"Ta fi ki kyau ranar naki bikin."

Liman na tsakiyar addu'a, hannaye a sama, amarya ta fara kuka: ƙit, ƙit, ƙit. Gunjin injin sanyi ya ɗauke ɗif. Jatanlanden da aka kwaso daga tafkuna kaf yana ciki.

Wulan ta tsallake tabarma. "Bu, wa ya toshe mata hanci?"

"Wane hanci, Nduk 'yata? Sutura na yi mata."

"Ta tsagogin nan take shan iska. Zafi ya yi mata yawa, ta yanke wutar da kanta. Sai ta huce za ta dawo."

Pak Darmo ya yi gyaran murya. Ɗan ƙanwarsa ya gyara zama.

Bu Sumirah ba ta tsaya jin kunya ba, ba lokacinta ba ne. Ta fizge zanen, yasmin ya watse kan liman. Ta ƙwace mahuci a hannun mai gasa tsire.

"Yu Painem, tashi. Ke da kika iya hura gulma, zo ki hura nan."

Mata suka taso, wannan da faifai, waccan da ganyen ayaba, wata da murfin tukunya. Wata ta ɗauko salati, sauran suka amsa, fifita na bin amon. Liman ya duba hagu ya duba dama, ya cire hularsa ya shiga layi. Yu Painem ta shiga dariya har ta koma fifita kanta. Wulan na durƙushe, idonta kan jar fitilar na'urar, ita ma kafaɗunta na rawa don dariya.

Can fitilar ta koma kore. Injin ya ɗauka.

"Ta dai yi tari," in ji Pak Darmo.

"Pak, a naɗe ka da zane cikin zafin nan mu gani," in ji Bu Sumirah tana haki. "Ita ko kira ta yi. Tsohon injinku shiru ya yi ya ƙone."

Pak Darmo ya shiga ɗakin sanyi, ya taɓa jatanlanden, yana nan ƙam kamar dutse. Ya fito ya yanko tsinin shinkafar, rabon wanda ake karramawa, ya wuce ɗan ƙanwarsa ya miƙa wa Wulan.

Bu Sumirah ta ce alhamdu lillahi, ta naɗe zanenta. Sai ta ƙara kallon kan akwatin.

"Nduk, ko ɗan hankici ne, a sama kawai?"

"Bu."

"To, na ji. Ci abincinki."