Ta Bakwai a Keji na Huɗu

Shekara biyar ke nan Namadi yana kula da ɓeraye a wata ƙaramar cibiyar bincike da ke bayan garin Bagudo, kan hanyar da ta miƙe zuwa iyakar Benin. Aikin cibiyar a kan sammore ne, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu. Ana ɗebo jinin shanu daga rugage, a yi wa fararen ɓeraye allurarsa, sannan a gwada magani a kansu. Namadi ba ruwansa da gwajin. Nasa shi ne wanke keji, canza garin katako, zuba abinci da ruwa, auna nauyin kowane ɓera, ya rubuta a rajista. Keji goma sha biyu ne a ɗakin, kowanne ɓera shida, kuma dukansu maza, don kada su hayayyafa su ɓata lissafin binciken.

Wata safiya ya shiga ɗakin ya sa safar hannu da takunkumi, ya fara daga keji na ɗaya kamar kullum. Da ya iso na huɗu sai ya ji wani siririn kuka da bai saba ji a ɗakin ba. Ya ɗaga murfi, ya ture garin katakon da ke kusurwa. Jarirai ne, jajaye, ba gashi, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba. Ya ƙirga su, tara.

Ya rufe kejin ya ja da baya, ya sake buɗewa. Suna nan.

Shi da hannunsa ya duba ɓerayen nan ranar da aka kawo su, ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar maza ne. Ya ƙirga manyan, ya samu bakwai. Ya ɗauka idonsa ne, ya fito da su cikin roba yana ƙirgawa da baki. Bakwai dai. Shida suna da ɗan yanka a kunne, alamar da yake yi wa nasu. Ta bakwai kunnenta lafiya lau, sai shuɗin fenti a jelarta. Mace ce.

Ya san mazan za su iya cinye jariran, don haka ya kwashe su da uwar ya sa a sabon keji. Sannan ya bi sauran goma sha ɗayan, yana fatan ya samu wanda ya rage ɗaya. Kowanne shida cif.

Mabuɗin ɗakin uku ne. Ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun Dakta Safina mai jagorantar binciken, wadda ta yi kwana biyu a Birnin Kebbi, ɗaya kuma a wurin mai gadi, Baba Sambo, saboda gobara. Namadi ya fita ya same shi a gindin darbejiya yana sauraron rediyo.

"Baba, ina kwana. Wani ya shiga ɗakin ɓeraye jiya?"

"Wani kamar wa?"

"Kowa. Lokacin da na tafi kasuwar Lolo neman garin katako."

"Ba wanda ya shiga," in ji Baba Sambo. "Ni dai na shiga."

"Kai? Mi ka shiga yi?"

"Na mayar muku da abinku."

"Wane abinmu?"

"Ɓeranku mana, wanda ya gudu."

"Baba, ba ɓeranmu da ya gudu."

"To wanga da na mayar fa? Daga sama ya faɗo?"

Namadi ya tsuguna gabansa, ya roƙe shi ya fara daga farko. A hankali maganar ta fito. Jiya bayan azahar Zakari ya zo, direban wata cibiya irin tasu da ke can ƙetaren iyaka, wanda yakan kawo musu kwalaben jinin shanun ƙasarsu cikin akwatin ƙanƙara. Zakari Dandanci yake ji da Faransanci, Hausarsa ta gaisuwa ce. Baba Sambo kuwa Dandancinsa na cinikin kasuwa ne. Zakari ya miƙa masa wani kwali mai huji-huji, ya ce wani abu da ya ƙare da Dakta, ya juya mota yana sauri kada yamma ta yi masa a iyaka.

"Na ji ya ce na Dakta ne. Na leƙa, na ga farin ɓera ya kusa cinye gefen kwalin. In na bar shi ya fita kyanwa ta kama shi, wa za a tambaya? Ni. Sai na kai shi wurin 'yan'uwansa."

"Me ya sa keji na huɗu?"

"Shi hannuna ya kai."

Wajen ƙarfe goma motar Dakta Safina ta shigo. Namadi ya tare ta tun ba ta sauke jaka ba.

"Ranki ya daɗe, an haihu a keji na huɗu."

"Wa ya haihu?"

"Ɓera."

"Malam Namadi, keji na huɗu maza ne."

"Maza ne, ranki ya daɗe. Wadda ta haihu ba tamu ba ce."

Ta tsaya tana kallonsa. Ya sake farawa daga zuwan Zakari, ya dawo kan jarirai, ya koma kasuwar Lolo, har shi kansa ya ji labarin ya cuɗe masa. Ta ce ya yi shiru su je ta gani.

Ta daɗe a tsaye kan kejin uwar. Ta duba jelar, ta duba mazan shida, ta ga biyu da sabon cizo a baya.

"Ba mu san abin da ke jikinta ba," ta ce. "Ko lafiyayya ce, ko an yi mata allurar wani jini a can. Kuma sun yi faɗa, jini ya fita. Sati uku muna bin waɗannan shidan."

"Ba za a iya ci gaba da su ba?"

"Duk sakamakon da suka ba mu, ba zan iya rantsewa a kansa ba. A cire su yau."

Namadi ya san ma'anar cirewa. Ba yau ya fara ba, amma a da yakan yi ne a ƙarshen gwaji, bayan ɓeran ya gama aikin da aka kawo shi yi. Waɗannan maganin yana karɓarsu, uku ma sun fara ƙiba. Ya sa su a akwatin da ake sa musu maganin barci mai ƙarfi, ya yi bisimilla, ya tsaya har suka daina motsi. Ya rasa da wa zai ji haushi. Baba Sambo taimako ya yi niyya, Zakari aike aka yi masa, shi kuma garin katako ya je saye.

Yana wanke hannu Baba Sambo ya leƙo da wata takarda a ninke.

"Wagga a ƙarƙashin kwalin take. Na ajiye don kunna wuta, sai na ga kamar rubutun mutanenku."

Wasiƙa ce da Faransanci. Dakta Safina ta ɗauki hotonta da waya ta aika wa wata ƙawarta mai koyarwa a Kamba, ƙawar ta kira ta fassara mata. Takwaran Dakta na cibiyar ƙetare ne ya rubuto. Ya tuna ta yi masa kukan nisan wurin da suke sayo ɓeraye, shi ya sa ya aiko mata kyauta don ta fara kiwon nata. Lafiyayyu ne, ba a taɓa yi musu allura ba. Mata biyu, dukansu da ciki.

"Biyu?" in ji Dakta.

Suka juya ga Baba Sambo.

"Ɗaya na gani, wallahi. Ɗaya na mayar."

Suka bincike ɗakin gadi, suka ɗaga buhunan abinci, suka leƙa bayan firji. Dakta ta kira Zakari. Ita ba ta jin Dandanci, sai ta miƙa wa Namadi wayar, shi ma kame-kame yake yi. Ya ce ɓera, ya ce biyu, ya ce mota. Zakari ya yi ta magana da sauri, yana dariya, ya kashe.

"Me ya ce?"

"Kamar ya ce ya gan ta. Ko kuma zai duba. Na gaya masa in ya same ta ya bar ta can."

"Ka tabbata abin da ka gaya masa ke nan?"

Namadi bai tabbata ba.

Kafin la'asar sai ga motar Zakari a ƙofa. Ya fito da gwangwanin madara da aka huda murfinsa, yana murmushi. Ɓera ta biyun ce a ciki, da shuɗin fenti a jela, ya kama ta a ƙarƙashin kujera. Namadi ya ɗaga ta ya duba. Cikinta ya sauka, nonuwanta sun fito.

"Ta haihu," ya ce. "Ina 'ya'yan?"

Zakari ya buɗe hannuwa. Bai san da wasu 'ya'ya ba.

Su huɗu suka hau binciken motar. Aka fitar da tabarmin ƙafa, aka kwance kujerar baya, Dakta da kanta ta durƙusa tana haska ƙarƙashin sitiyari da wayarta. Namadi ya ce kowa ya yi shiru, ya kara kunnensa a jikin mota yana bi a hankali. A ramin tayar safaya ya same su, cikin tsumman goge mai da uwar ta yayyaga. Guda biyar, da sanyi a jikinsu amma suna motsi. Ya ɗauke su a tafin hannu ya kai ɗaki da sauri, ya haɗa su da uwar a keji dabam. Ta shinshina su, ta fara jan su ɗaya-ɗaya zuwa kusurwa.

Zakari ya yi sallar la'asar tare da su, ya jefa kujerar a bayan mota ba tare da ya ɗaura ta ba, ya kama hanya. Dakta ta karɓi mabuɗin Baba Sambo, ta yi tunani, ta mayar masa, ta ce ko wuta ce ta kama ya fara kiran Namadi.

Namadi ya buɗe rajista zai rubuta abin da ya faru, wayarsa ta yi ƙara. Zakari ne, daga wajen Tsamiya. Bai yi dogon bayani ba, sai ya kara wayar a wani wuri cikin motar. Namadi ya toshe ɗaya kunnen ya saurara, sannan ya miƙa wa Dakta.

"Ranki ya daɗe, ki ji. Ko ƙarar ƙarfen kujera ce, ko saura jariri ɗaya."

Ta saurara, ta ɓata fuska, ta sake saurara.

"Ce masa ya tsaya inda yake," ta ce. "Ɗauki babur ka je."