Motar da Ta Toshe Mini Ƙofa

Ina cikin yanka albasa na ji ƙarar ƙarfe yana gurzar dutse. Tun kafin in leƙa na san wani baƙon ne ya sake kutso da mota lungunmu. Duk wanda aka haifa a Napoli ya san lungun nan, ko babur sai ya yi dabara. Na fita baranda da wuƙa a hannu.

Farar motar haya ce ta cusa kai tsakanin bango biyu, ba gaba ba baya. Kuma ba ta tashi maƙalewa ba sai daidai ƙofata. Ni a bene ba halin fita, su a ƙasa ba halin buɗe ƙofa.

"Ke baiwar Allah!" na daka tsawa. "Idanun nan naki na ado ne?"

Rufin motar ya zuge, wata mata mai furfura ta miƙo kai, gumi sharkaf. Kafin ta yi magana Gaetano mai kifi ya iso yana goge hannu a riga.

"Donna Nunziata, yau baƙi kika yi har da mota!"

"Rufe mini baki, Gaetano. Je ka nemo masu jan mota."

Matar ta ce, da gurguwar Italiyancinta, "Ki yi haƙuri, uwa. Babana ne ya ce in shigo. Ya ce hanya ce mai faɗi, amalanke biyu na wucewa."

"Amalanke biyu! A wace shekara?"

"Yana ɗan shekara bakwai ya bar nan."

Sai a lokacin na lura da tsohon da ke gefenta, ya ƙanƙame hularsa. Ta ce sunanta Mirta, shi kuwa Saverio. Daga Ajantina ta ɗauko shi. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsa, shekara guda ke nan bai kira sunanta ba, kallon baƙuwa yake mata. Ta kawo shi ne ko ganin garinsu zai dawo mata da shi, ko na awa ɗaya. Kwana uku suna zagaye, bakin teku, coci-coci, kasuwa, ko ɗaga kai bai yi ba. Yau a bakin lungunmu ya ce, "Nan." Ita kuwa ta karya kan mota.

Na ajiye wuƙar, na bar masifa.

Gaetano ya dawo ya ce masu jan mota sai yamma. Rana ta take, an kashe inji saboda hayaƙi ya cika lungu, motar ta zama tanda. Mirta za ta iya haurowa ta rufi, amma tsohon ba zai iya ba, ita kuma ba za ta bar shi ba. Ta miƙa masa gorar ruwa ya buge hannunta.

"Ban san ki ba! A buɗe mini!"

Ya yi ta tura ƙofa, ƙofa na dukan bango. Numfashinsa har sama ina jin sa. Tsoro ya kama ni, na ce tsohon nan a ƙofata zai cika.

Can ya zura hannu ta taga yana laluben mafita, sai yatsunsa suka faɗa kan zoben ƙarfen nan da ke jikin bangona, wanda ake ɗaure jaki a da. Ni na manta da shi, don a ƙasa yake, iyakar ƙugu. Amma wanda ke zaune a mota, idonsa daidai na yaro ɗan shekara bakwai yake.

Ya juya zoben sau biyu. Sannan ya ɗaga kai ta rufin motar, ya yi kira da tsohon harshen unguwar nan, irin na kakata.

"Mama! Sauko da kwando, ƙishi nake ji."

Ko gidan nan aka haife shi, ban sani ba. Zobe irin wannan ya fi ashirin a unguwarmu. Abin da na sani, ɗana tilo yana Jamus, kuma rabon da a kira ni daga ƙasa haka har na manta. Na leƙo kai ta baranda.

"Ina ka shige tun safe, Saverio?" na ce. "Ja'irin yaro."

Na ɗauko kwandon da nake zura wa mai burodi, na sa ruwan sanyi da gutsuren burodi, na sassauta igiya har ya shiga ta rufin. Ya kafa kai ya shanye rabi. Ya goge baki, ya dubi matar da ke gefensa, ya daɗe yana dubanta.

"Mama," ya ce, "ƙaro wani. Ga 'yata Mirta, ita ma ba ta sha ba."

Gaetano ya taho da gudu, wai ya samo igiya da ƙarti shida, yanzu za a fizge motar. Mirta ta ce don Allah a ɗan dakata.