Tukar Magani a Bakin Lungu

Zang Peiyi ya kai bakin lungu yana ɗingishi, tukunyar magani a hannu ɗaya, sanda a ɗaya. Babban yatsan ƙafarsa ya kumbura ya yi jajir, har sai da ya farke bakin takalmi kafin ƙafar ta shiga. Ya kife tukunyar a tsakiyar hanya, saiwoyi da ɓawon da ya gama dafawa suka zube suna tururi.

Haka marigayiya matarsa take yi duk sanda amosanin gaɓɓai ya tasar masa. A zuba tukar magani a hanya, masu wucewa su tattaka, su tafi da ciwon a tafin ƙafarsu. A da, kafin hantsi an niƙe ta. Yanzu kuwa an yi wa gidajen lungun jan fenti za a rushe, mutane sun watse. Ga tulin jiya, ga na shekaranjiya, ko kare bai taka ba.

Likita Mou, mai maganin gargajiya, ta sha faɗa masa tana riƙe da wuyan hannunsa: "Baba Zang, danshi da zafi ne suka taru a gaɓa, saifarka kuma ta yi rauni. Ka sha magani, ka bar giya da ƙaguwa da kayan ciki. Hanya ba ta warkar da kowa." Ya bar su ɗin. Abin da ba ta faɗa masa ba shi ne, a nan birnin Qingdao wanda ya bar giya da ƙaguwa ya bar teburin abokai. Tun ana kiransa yana zama da kofin ruwan zafi kamar baƙo, har aka daina kira.

Mutum ɗaya ya rage a lungun, Luan Shouren, wanda suka yi dako tare a tashar jiragen ruwa tun suna samari. Shi ma kullum raɓa bango yake yi don kada ya taka. Yau kuma ga motar kaya a ƙofarsa, zai koma wajen 'yarsa a wani gari. Ko sallama bai shigo yi ba, kuma wannan ya fi yatsan yi wa Zang zafi.

Luan ya fito da ledar giya rataye a yatsa, ya tsaya nesa da tukar.

"Tsoho Zang, har yau kana ɗana wa mutane tarko?"

"Waɗanne mutane? Kai kaɗai ka rage, kai kuma matsoraci ne."

"Matsoraci? Wa ya ciro ka daga ruwa ranar da ka faɗa da buhu?"

"Buhun ka ciro. Ni na biyo shi ne."

Luan ya yi dariya har da tari. Ya kalli ƙafar, ya kalli ƙofofin da aka toshe da katako.

"Ɗanka ya kira?"

"Yana da aiki."

"To in ka kasa tashi, wa zai dafa maka wannan ƙazamin ruwan?"

"Tafi abinka, direba na jira."

Direban ya danna ham. Luan ya juya ya kama ƙofar mota, ya ɗora ƙafa ɗaya. Sai ya ja tsaki ya sauko. Ya dawo tsakiyar hanya, ya ɗaga takalminsa ya dira a kan tukar mai ɗumi, ya murza. Ya bi ta jiya da ta shekaranjiya ya tattake su kaf.

"Kai, mahaukaci, da giya a hannunka! Ciwon kama ka zai yi!"

"Ya kama. Ni ina da mai dafa mini."

Bai waiwayo ba ya shige mota. Zang ya ɗaga sanda, amma motar ta riga ta sha kwana.

Lungun ya yi tsit. Yatsan na nan yana zogi yadda yake tun safe. Zang ya daɗe a tsaye yana kallon sawun takalmin da ya fito raɗau a cikin tukar, har iska ta fara kaɗowa daga teku da ƙanshin ruwan sama. Ya ɗingisa ya shiga gida, ya ɗauko babbar robar wankin matarsa, ya zo ya kife a kan sawun, ya ɗora dutse.