Cajar Motar Baba Direba

"Wallahi ka sake cire mini fankar nan, da almakashi zan datse wayar!"

Iya ce tsaye a kan mijinta, Baba Direba, filogin fanka a hannu, gumi na bin wuyanta. Shi kuwa yana kwance a katifa, ƙafafun nan sun kumbura kamar an hura su, amma bakin lafiyarsa lau.

"Datse mana. In kin gama ki haɗa da harshenki, unguwa ta huta."

"Ji mutum! Numfashi da ƙyar kake ja, amma na baƙar magana bai ƙare ba."

Duk wannan tashin hankali a kan soket ne. Ɗaya tal ke aiki a ɗakin. An taɓa sa masa mai baki uku, ya yi tartsatsi ya narke, tun daga ranar Baba ya kafa doka, abu ɗaya za a riƙa sawa. Iya na son fanka saboda zazzaɓinsa. Shi kuma yana son cajarsa.

Wata 'yar aba ce, ba ta fi sabulun wanki girma ba. Wayarta ta fita ta taga, ta bi saman igiyar shanya, ta shige ƙarƙashin bonet ɗin tsohuwar motarsa da ke ajiye a tsakar gidan hayar. A can wasu 'yan matse biyu, ja da baƙi, suka ciji kan batir. Batirin ya tsufa, in aka bar shi ba wuta sai ya yi sanyi, a murɗa makulli ya yi ɗan tari ya yi shiru.

"Bai mutu ba, rauni ya yi," in ji Baba. "Ba a ɗura masa wuta da ƙarfi. Ɗiga masa ake yi kaɗan-kaɗan, kamar ruwan jariri a cokali. Muddin fitilar nan na kore, bugu ɗaya zai tashi."

"Ya tashi ya je ina? Yaushe rabonka da bakin ƙofa?"

Baba ya ɗaga yatsa ya nuna silin. A saman bene akwai wata yarinya da kowa ke ce wa Amarya, cikin fari ya tsufa, mijin kuma yana aiki a nesa, sai ƙarshen wata ake ganinsa.

"In naƙuda ta taso mata, wa zai kai ta?"

"Kai za ka kai ta? Da waɗannan ƙafafu?"

"Da su. Ke dai mayar da caja."

Ta mayar, tana mita. Ta ɗauki murfin kwali ta zauna tana yi masa fifita, da ƙarfi, kamar mai dukansa.

Kada dai a ce an yi gulma, amma duk gidan an san Baba da motar nan. Yaran gidan nan rabi a kujerar bayanta suka fara kuka. Ba ya ƙin kai kowa, amma ko ƙuda bai yarda ya sauka a sitiyarinsa ba. Da ƙuruciya Iya ta taɓa cewa ya koya mata, ya ce macen da ke ƙona tukunya ba zai ba ta kuloci ba. Ta yi mako ba ta yi masa magana ba, aka ce shi ne makon da ya fi yin ƙiba.

Ranar da abin ya faru, rana tsaka ce. Maza duk sun tafi aiki, yara suna makaranta. Iya na tsakiyar yi masa faɗa a kan magani sai ta lura ba ya ramawa. Ta juyo. Ya dafe ƙirji, leɓunansa sun canja launi.

"Malam? Malam! Wayyo, Mai Ɗinki, zo!"

Mai Ɗinki, maƙwabciyarsu ta ɗaki na gaba, ta fito da tef a wuya. Ta kira motar asibiti, aka ce tana hanya. Ta kira ɗan Iya, ya ce yana can ƙarshen gari, ga shi nan tafe. Amarya ta sauko tana dafe da bango. Su uku suka kama bargo, suka ɗauko shi, suna ja suna hutawa, har suka kwantar da shi a kujerar baya. Amarya ta ɗora kansa a cinyarta.

"Bari in duba titi ko zan samu mai tuƙi," in ji Mai Ɗinki, ta wangale ƙofar gida ta fita a guje ba takalmi.

Baba ya buɗe ido. "Cire matsen. Baƙin tukuna."

Iya ta cire, ta rufe bonet.

"Shiga."

"Ni?"

"Akwai wani ne? Na hagu za ki taka. Taka har ƙasa. Murɗa."

Ta murɗa. Motar ta amsa nan take, ta ɗauki ruri, kajin Mai Ɗinki suka watse.

"Kin ji?" ya ce, da wani ɗan murmushi. "Bugu ɗaya."

"Na ji, na ji! Sai me kuma?"

"Giya. Tura ta hagu, sama. Saki ƙafar a hankali."

Ta saki. Motar ta yi tsalle kamar akuya, ta mutu.

"Ban ce miki tukunya..." Sauran ya maƙale.

"Ƙarasa mana! Zage ni, amma faɗa mini abin da zan yi!"

Ta taka, ta murɗa, motar ta sake tashi. Ta saki, ta sake mutuwa. Ta sake, ta sake. Duk murɗawa batirin na amsawa, bai gaza ko sau ɗaya ba, amma motar ba ta wuce ƙarƙashin igiyar shanya ba. Wani zane jiƙaƙƙe ya manne a gilashin gaba.

"Malam, wanne zan taka? Malam?"

"Iya," in ji Amarya a hankali. "Iya, kashe motar."

Ba ta san yadda ake kashewa ba. Haka Mai Ɗinki ta dawo da wani mai gyaran famfo da ya iya tuƙi, suka tarar da injin na ta aiki, Iya riƙe da sitiyari da hannu biyu, tana kallon zanen.

Bayan an binne Baba, masu ta'aziyya sun watse, ɗanta ya shigo ɗakin da rana, ya tarar da ita zaune cikin zafi, gumi har ƙasan haɓa. Fanka na tsaye a kusurwa. Ya bi wayar da ido har taga.

"Iya, mene ne haka? Za ki dafa kanki a banza." Ya sunkuya zai zare filogin.

"Ɗauke hannunka."

"Motar nan fa na samu mai ɗauka, gobe zai zo."

"Yarinyar sama ba ta haihu ba."

"To wa zai tuƙa ta? Ke?"

Ta ci gaba da kallon fitilar cajar.

"Iya, magana nake yi. Wa zai tuƙa?"

"Baƙin matsen ake fara cirewa," ta ce. "In za ka taɓa, ka sani."

Ya janye hannunsa daga filogin. Sai ya juya ya fita, ya bugo ƙofar har labule ya tashi, wayar ta yi lilo a taga.

Iya ta sunkuya ta danna filogin da babban yatsa, ko ya yi sako-sako. Fitilar na nan kore. Ta ɗauki murfin kwalin, ta fara fifita wajen katifar, sannan ta tuna, ta juyo da shi wajen fuskarta.