Ikko ko Fatakwal?

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa, har ma'aikata na sayen babura kamar masu sayen awaki, Gide, malamin gona a Ƙanƙara, ya sami hutun kwana goma. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya goya matarsa Bilki a sabon babur ɗinsa, suka nufi Yargoje wurin mahaifiyarsa, Goggo Barakatu.

Sun same ta a tsakar gida ta miƙe ƙafa kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Da aka gama gaisawa, Gide ya gyara zama ya ce, "Goggo, na yi niyyar in kai ku ku ga teku, ke da Bilki. Tun da aka haife ki ba ki wuce Funtuwa ba."

"To mi na ajiye a gaba da Funtuwa?"

"Ai gani za ki yi. Gari biyu ne, ki zaɓa. Ga Ikko, mai gada a kan ruwa da benaye har sai ɗankwalinki ya faɗi in kin ɗaga kai. Ga kuma Fatakwal, inda jiragen ruwa ke sauke kaya, can inda Yaya Rabo yake."

Hannun Goggo ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Sai kuma ta ci gaba da ɓara, kamar ba ta ji ba.

Rabo shi ne ɗanta na fari. Kamar yadda ta ga uwarta ta yi, ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa nuna ta damu da shi a gaban mutane ba. Ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, da aka gama ya zauna Fatakwal yana cinikin albasa. Yau shekara shida ke nan rabonta da shi. In wasiƙarsa ta zo, tashi take yi ta koma bayan rumbu wai za ta duba kaji, alhali kunnenta na wurin mai karatu. Ga shi yau an kawo mata hanya har gida, amma da wane baki za ta ce can take so?

"Ko'ina ai ruwa ruwa ne," ta ce. "Inda ka ga dama."

"To Ikko ke nan," Gide ya ce da murna, don dama can ransa ya fi kwantawa. "Shi kuma Yaya Rabo ma gaishe shi a wasiƙa."

Goggo ta ji kamar an zare mata tabarma. Sai ta ce, "Adama ta Pauwa ta je Ikkon nan. Ta ce mota ta fi mutum yawa, tun safe har azahar suna tsaye wuri guda."

"Da sassafe za mu riƙa fita."

"Ga gwiwar nan tawa. Ina ni ina hawa bene?"

"Ɗakin ƙasa zan kama maki, gidan wani abokina a Agege. Duk Hausawa ne, har fura ake damawa."

"Aka ce da ɓarayi."

"Haba Goggo, mi za su ɗauka jikinki? Goron da ke bakin zane?"

Duk ƙofar da ta buɗe sai ya rufe ta da kyautatawa. Ta dube shi, yaron nan mai biro uku a aljihu, ya san ciwon auduga tun daga ganye, amma ya kasa gane na uwarsa tana zaune gabansa. Ta ce a ranta, boko dai bai koyar da komai ba. Idanunta suka fara zafi, ta ɗora wa ƙurar gyaɗa laifi.

Bilki tun ɗazu kanta na ƙasa tana taya ɓara. Ba ta cika magana gaban surukarta ba, amma yau ta ɗan muskuta, ta ce a hankali, "Goggo, wai ni kam har yanzu angon naki bai aiko ko da gaisuwa ba?"

"Wane ango?"

"Mani mana, na Fatakwal."

Mani ɗan Rabo ne, can aka haife shi shekara uku da suka wuce. Kuma kowa ya san jika namiji mijin kakarsa ne a wasa. Shi kam tana iya kiran sunansa ko a tsakiyar kasuwar Sheme, ba mai cewa ta yi rashin kunya.

Goggo ta ture ƙwarya gefe, ta tafa hannu. "Yauwa, kin tuna mani da ja'irin! Miji ne wannan? Shekara uku da aure, ko fuskarsa ban sani ba. Ina nan ina tsufa, shi yana can yana cin kifi. Wallahi sai na tahi na gano ko ya yi wata ne."

"Kai, Goggo, sai mu fasa Ikko don ɗan yaye?" in ji Gide.

"Kai ka tahi Ikkonka ka ƙirga benaye. Ni biko ne bai zo ba, zan kai kaina."

Gide ya buɗe baki zai yi musu, sai Bilki ta taka masa ɗan yatsan ƙafa. Ya dube ta, ya dubi Goggo, wadda ta kau da kai tana kallon katanga. Nan ya gane. Ya cire hula ya sosa ƙeya, kunya ta kama shi.

"To shi ke nan, Fatakwal ɗin," ya ce. "Gobe in na koma zan buga wa Yaya waya ya tarye mu a tasha."

"Wannan kuma tsakaninku. Ni wurin mijina za ni." Ta jawo ƙwarya, ta ɗebi gyaɗa, ta mayar ba ta ɓare ko ɗaya ba. "Yaushe ne tahiyar?"

"Ranar Laraba, in Allah ya kai mu. Mu hau jirgin ƙasa a Funtuwa, mu sake wani a Kaduna. Kwana biyu muna hanya."

"Har biyu?" Goggo ta ce, tun kafin ta kama bakinta. "To ba wanda ya fi shi sauri?"